Tsakanin dutin dare da taron hukumar kare yara: magana da iyalanmu na Ingila

 Zancenmu na yau ya shafi iyalanmu da ke zaune a Ingila, ya kuma shafi 'yan uwansu na gida masu jiran saƙon ƙarshen wata, ko da su ba su san ya shafe su ba.

A 'yan shekarun nan dubban 'yan Najeriya sun tafi Birtaniya da bizar aikin jinya da ta kula da tsofaffi, wasu kuma da ta karatu, kuma akwai namu a cikinsu. Da yawa sun tafi da ƙananan yara, kafin gwamnatin ƙasar ta hana sababbin masu aikin kula da tsofaffi ɗaukar iyali a watan Maris na 2024. Irin gidan nan ne da miji zai dawo daga dutin dare ya iske matarsa tana saka takalmi za ta fita nata aikin, su yi musayar makulli a bakin ƙofa. Babu kaka, babu gwaggo, babu maƙwabciyar da za a ce wa "don Allah ki duba min su". Wata rana sai malamar makaranta ta ga shatin bulala a cinyar yaro, ko yarinya 'yar shekara 7 ta faɗa a aji cewa ita ke kwana da ƙaninta idan iyayensu sun fita, ko asibiti ya lura an tsallake ranar ganin likita sau uku a jere. Sai a sanar da sashen kula da yara na ƙaramar hukuma, sai waya ta shigo: jami'ar jin daɗin jama'a tana son zuwa gida.

Daga wannan rana iyaye kan faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu. Wasu, saboda tsoro, sai su ajiye aiki ko su zaftare awoyinsu ba tare da lissafi ba, don dai a ga suna gida. Wasu kuma sai su ce abinci ya fi taro, su tafi aiki su bar kujerarsu babu kowa. A ganina duka biyun kuskure ne mai tsada, kuma maganinsu ɗaya ne: ku ɗauko jadawalin aikinku da lissafin kuɗin gidanku ku ajiye su a gaban hukumar tun ranar farko, a rubuce, har sai sun shiga cikin tsarin da za a yi wa yaron. Mu mutane ne masu son rufin asiri, kuma a gida hakan yana da ranarsa. A can kuwa abin da kuka ɓoye, wani ne zai cike gurbinsa da zato, ya rubuta zaton a fayil.

Ku fara sanin yawan lokacin da al'amarin zai ci muku, domin wanda bai san nisan hanya ba ba ya iya yin guzuri. Idan hukuma ta ga akwai dalilin zargin cewa yaro yana fuskantar babbar cutarwa, sai ta buɗe bincike a ƙarƙashin Sashe na 47 na Dokar Yara ta 1989. Idan damuwar ta tabbata, a cikin kwanakin aiki 15 za a kira babban taro, inda makaranta da jami'an lafiya da 'yan sanda za su kawo abin da suka sani, ku ma ku faɗi naku. Idan aka sa yaro a tsarin kariya, a cikin kwanakin aiki 10 ƙaramin kwamitin da zai riƙa bin tsarin zai zauna, ya ci gaba da zama yawanci duk sati huɗu zuwa shida. Za a sake babban taro a cikin wata 3, sannan aƙalla duk wata 6. Jami'ar za ta riƙa zuwa gida, a ƙananan hukumomi da yawa duk sati biyu, wani zuwan da sanarwa, wani babu. Ku ƙara da darasin tarbiyya da ake yawan tura iyaye, da ranakun asibiti, da ganawa da makaranta. Kusan duk wannan tsakanin ƙarfe 9 na safe ne da 5 na yamma, daga Litinin zuwa Juma'a. A kowane lokaci kimanin yara dubu 50 ne ke kan irin wannan tsari a Ingila, saboda haka ba ku kaɗai ba ne, kuma ba don ku baƙi ne aka ƙirƙiro shi ba.

Yanzu mu juya lokacin nan zuwa kuɗi. A watan Afrilun 2025 an kai mafi ƙarancin albashin baligi mai shekara 21 zuwa sama fam 12.21 a awa. A kan wancan albashi na 2025, mai dutin awa 12 a gidan kula da tsofaffi zai samu kusan fam 146 kafin haraji. Taron awa ɗaya da rabi da aka sa ƙarfe 11 na safe ba awa ɗaya da rabi zai ci masa ba, dutin gaba ɗaya zai ci, don ba a barin tsohuwa a tsakiyar wanka a ce za a dawo. Uku irin wannan a wata guda sun kai kusan fam 440. A gidaje da yawa wannan shi ne cefanen wata. Kowa a wancan tebur, daga shugaban taro zuwa mai rubuta bayani, albashinsa yana tafiya yayin da yake zaune. Iyaye kaɗai ne suke biya don su halarta, kuma sau da yawa babu wanda ya lura, saboda babu wanda ya faɗa.

To me ya sa ba za a tsallake wasu ba? Saboda yadda ake karanta rashin zuwa. Fayil ba ya rubuta "ta tafi neman kuɗin haya". Abin da yake rubutawa shi ne ba ta halarta ba, kuma idan ya maimaitu sai ya zama hujjar cewa iyaye ba sa ba da haɗin kai. Haka ma a asibiti. Da can idan yaro bai zo ranarsa ba a kan rubuta bai zo ba. Yanzu asibitoci da yawa suna rubuta "ba a kawo shi ba", da hujjar cewa yaro ba ya kai kansa. Idan ɗanku yana da sikila ko asma ko farfaɗiya, kowace ranar da aka tsallake tana iya shiga jerin shaidun sakaci, kuma sakaci shi ne dalili mafi yawa da ake sa yara a tsarin kariya. Ranar da kuka ga ba za ku iya zuwa ba, ku kira tun da wuri ku canja, ku rubuta sunan wanda kuka yi magana da shi da ranar. Wannan ɗan ƙaramin aiki yana raba tsakanin uwa mai aiki da uwa mai sakaci a idon wanda bai taɓa ganinku ba sai a takarda.

Sai mai cewa: to ai gara in ajiye aikin in zauna a gida har a rufe fayil. Na fahimci zuciyar mai wannan magana, amma ina roƙonsa ya dakata. Farfesa Paul Bywaters da abokan aikinsa sun yi bincike mai faɗi a Birtaniya, suka gano cewa yaran unguwannin da suka fi talauci sun ninka na unguwannin da suka fi wadata sama da sau 10 wajen yiwuwar shiga tsarin kariya ko komawa hannun hukuma. Firij da babu komai, gidan da ba a kunna abin ɗumama ɗaki a cikin hunturu, takardar sallama daga mai gida: waɗannan su ne abubuwan da jami'a za ta gani bayan wata biyu da ajiye aikin. An gudu daga zargi ɗaya an faɗa wani. Ga wanda kuma bizarsa ke rataye da kamfanin da ya ɗauki nauyinsa, abin ya fi haka muni. Idan aikin ya tafi, Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida takan rage zamansa zuwa kwana 60, kuma bizar mata da yara tana bin tasa. Ko hutun da babu albashi, idan ya haura sati 4 a shekara, yana iya sa kamfani ya janye ɗaukar nauyi, ban da wasu dalilai da doka ta ware kamar rashin lafiya da haihuwa. Rage awoyi ma yana iya jefa albashi ƙasa da abin da bizar ta gindaya. Jami'ar jin daɗin jama'a ba masaniyar dokar shige da fice ba ce. Mai yiwuwa da zuciya ɗaya ta ce "ki rage aiki" ba ta san abin da ta nema ba. Ku ne za ku sanar da ita, kuma ku nemi shawarar lauyan shige da fice kafin ku taɓa awoyin mai riƙe da babbar bizar.

Ban ce kada a rage aiki sam ba. Idan gaskiyar magana ita ce yara suna kwana su kaɗai, to dole wani abu ya canja a daren nan, ba sai sati mai zuwa ba. Dokar Ingila ba ta yanke shekarun da za a iya barin yaro shi kaɗai ba, amma laifi ne a bar shi cikin haɗari, kuma ƙungiyar NSPCC, wadda ake yawan dogara da shawararta, tana cewa kada a bar jarirai da ƙananan yara su kaɗai ko na ɗan lokaci, 'yan ƙasa da 12 ba safai suke iya zaman dogon lokaci ba, 'yan ƙasa da 16 kuma kada su kwana babu babba. Abin da nake cewa shi ne a rage da lissafi: wa zai rage, awa nawa, har zuwa yaushe, kuma me zai toshe giɓin. Yawanci wanda ya zo a matsayin mai rakiya shi ya fi 'yancin canja aiki. Idan matar ce mai babbar bizar, to maigida, kai ne za ka sassauta, ko da hakan bai yi wa girman kai daɗi ba. Kuma ko ba haka ba, ka riƙa zuwa taro. Sau da yawa uba yana can yana haɗa duti biyu saboda yaran, fayil kuma yana nuna shi a matsayin mutumin da ba a taɓa gani ba.

Ga yadda ake sa aiki cikin tsari. Da zarar jadawalin wata ya fito, ku aika wa jami'ar ta imel, ku nuna ranakun da kuke gida, ku roƙi a sa zaman kwamiti da ziyara a cikinsu, ko da yammaci, ko ta bidiyo lokacin hutun rana. Ba kullum za a amince ba, musamman babban taro mai mutane da yawa, amma roƙon da aka yi a rubuce shi kansa shaida ne. A wurin taro ku nemi a rubuta a cikin tsarin wa ke tare da yara a kowane dare, da sunan mai maye gurbi idan an riƙe ɗayanku a wurin aiki. Idan Turancin taro yana yi muku sauri, ku nemi tafinta tun kafin ranar, kada ku yarda ɗanku ya zama tafinta a zancen da ya shafe shi. Kuna iya zuwa da mai rakiya. Ku nemi a ba ku rahoton jami'ar kafin ranar taro ku karanta, inda aka yi kuskure game da awoyinku ku gyara da takardar albashi a hannu.

A wurin aiki kuma kuna da haƙƙi, ko da ba mai yawa ba. Tun 6 ga Afrilun 2024 ma'aikaci yana iya neman a sauya masa tsarin lokacin aiki tun ranar da ya fara, sau biyu a shekara, kuma dole mai aiki ya ba da amsa cikin wata 2, kodayake yana iya ƙi idan yana da dalilin kasuwanci. Hutun shekara sati 5.6 ne, kuma mai aikin da ba shi da tsayayyun awoyi ma yana tara nasa. Akwai damar fita don lalurar gaggawa ta yaro, amma wannan don abin da ya faɗo ba zato ne, taron da aka sa rana tun sati biyu ba ya shiga ciki. Hukumar Acas tana ba da shawara kyauta kan duk waɗannan.

Wurin da ya fi buƙatar natsuwa shi ne idan aikinku na kula da yara ne ko tsofaffi ko marasa lafiya, kamar yadda yake ga yawancin waɗanda nake magana da su. Mai tuƙin bas ba lallai ya faɗa wa manajansa dalilin neman canjin duti ba. Nas ko mai aikin renon yara kuwa, abin da ake zarginsa da shi a gidansa yana iya kaiwa ga wurin aikinsa, domin kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in da ke duba zarge-zarge kan masu aiki da yara, akwai kuma makamancin tsarin ga masu kula da manya masu rauni. Ku duba kwantiraginku, ku tuntuɓi ƙungiyar ƙwadago idan kuna ciki, ku tambayi jami'ar kai tsaye ko za a sanar da wurin aiki. In za a sanar, gara su fara ji daga bakinku. Idan kuma 'yan sanda suka gayyace ku, lauya a ofishinsu kyauta ne, kada ku ce ba kwa so don a gama da wuri. Wasu sukan karɓi gargaɗin 'yan sanda suna zaton sulhu ne. Amsa laifi ne, kuma idan na cutar da yaro ne zai riƙa fitowa a binciken DBS da ake yi kafin ɗaukar aikin kula da mutane. Sa hannu na minti ɗaya yana iya rufe sana'ar da ta kawo ku ƙasar.

Game da taimakon kuɗi, akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba. Sashe na 17 na waccan doka ta 1989 ya ba ƙaramar hukuma ikon taimaka wa iyalin yaro mabuƙaci da kaya ko kuɗi, kuma wannan ba ya cikin jerin "kuɗin gwamnati" da aka haramta wa masu biza. Kuɗin motar zuwa taro, gadon yaro, kuɗin reno na ranar zama: ku tambaya, ba bara ba ce. Tun 2022 yaran iyalan da aka hana tallafin gwamnati suna iya samun abincin makaranta kyauta idan abin da gidan ke samu bai haura wani mataki ba. Kowane yaro ɗan shekara 3 da 4 a Ingila yana da awa 15 na reno kyauta a sati, ba tare da duba bizar iyayensa ba. Ƙungiyar Family Rights Group tana ba iyaye shawara kyauta kan mu'amala da hukumar, AFRUCA kuma, wadda aka kafa a 2001, ta saba aiki da iyalan Afirka.

Ku yi hattara da mafita irin ta gida. Riƙo a wurinmu zumunci ne, amma a Ingila idan yaro ɗan ƙasa da 16 zai zauna kwana 28 ko fiye a hannun wanda ba ɗan uwa na kusa ba, dole a sanar da ƙaramar hukuma. Na kusa a wurinsu su ne kaka, yaya ko ƙani, kawu ko baffa, inna ko gwaggo, da mijin uwa ko matar uba. 'Yar garinku ba ta ciki, ɗan baffanku ma ba ya ciki. Matar da kuke biya ta riƙe muku yara 'yan ƙasa da 8 a gidanta fiye da awa 2 a rana, sai tana da rajista. Tura yaro Najeriya a tsakiyar bincike ba tare da shawarar lauya ba kuwa, ana iya ɗaukarsa a matsayin gudu, ya jawo abin da ake tsoro.

Ku kuma 'yan uwa na gida, ga taku. Wanda ke aiko muku da kuɗin makarantar ƙanne da na maganin Baba mai yiwuwa ba zai taɓa gaya muku yana cikin wannan hali ba, saboda kunya. Idan ya ce wata shida masu zuwa saƙo zai ragu, ku karɓa ba tare da gori ba. Kowane ƙarin duti da ya ɗauka don kada a ce ya canja, dare ne da yaransa za su kwana da wanda hukuma ba ta sani ba. Ku da ke can, ku dakatar da zubin adashi idan ya kama, ku gaya wa mutum ɗaya mai hankali a dangi gaskiyar lamari ya tare muku sauran.

Tunda wannan fili na lafiya ne, ba zan wuce jikinku ba. Wanda ya sauka daga dutin dare ƙarfe 8 ya shiga taro ƙarfe 10 ba ya ji da kyau, ba ya magana da kyau, kuma ɗan abu kaɗan zai fusata shi a gaban mutanen da ke rubuta yadda yake fusata. Kada ku yarda da taro a safiyar da kuka sauka, in da hali. Masu hawan jini da ciwon suga, wannan ne lokacin da ake mantawa da magani, kuma shi ne lokacin da ya fi haɗari a manta. Idan barci ya ƙaurace, ko ƙunci ya yi yawa, ku je wurin likitan unguwa. Yana iya rubuta takardar da ke ba da shawarar a sassauta muku awoyi maimakon hutu gaba ɗaya, kuma kuɗin jinya na doka da mai aiki ke biya har sati 28 ba ya cikin abin da aka hana masu biza. Iyaye da yawa suna tsoron kada neman taimakon ƙwaƙwalwa ya zama makami a kansu. A mafi yawan lokuta akasin haka ne: uwar da ta je da ƙafarta ta nemi magani ana lissafa mata shi a ɓangaren ƙarfi.

Kada a ɗauka ina cewa hukumar ba ta da dalilin wanzuwa. Victoria Climbié yarinya ce 'yar Kwaddibuwa da iyayenta suka ba wata 'yar uwa riƙonta don ta yi karatu a Turai. Ta mutu a Landan a Fabrairun 2000 tana da shekara 8, bayan azabar da jami'ai da asibitoci suka ga alamunta ba su cece ta ba. Daga binciken mutuwarta Dokar Yara ta 2004 ta fito. Jami'ar da ke tsananta tambaya tana ɗauke da irin wannan tarihi a kanta. Amma tsarin da ke neman uwa ta nuna tana iya ciyar da 'ya'yanta, sannan ya sa mata zama uku a lokacin da take neman abin ciyarwar, yana da nasa gyaran, kuma kuna da damar faɗar haka cikin ladabi, ko ku shigar da ƙorafi ta hanyar da kowace ƙaramar hukuma ta tanada.

Idan al'amari ya kai ga an aiko muku da wasiƙar gargaɗi kafin zuwa kotu, ku kai ta wurin lauyan harkokin iyali a satin da ta iso. Daga wannan mataki gwamnati ce ke biyan lauyan iyaye, komai yawan albashinsu, don haka kada tsoron kuɗin lauya ya sa ku jinkiri ko ku ci bashi. Doka ta yanke cewa a gama irin wannan shari'a cikin sati 26, kodayake takan wuce. Ga masu karɓar tallafin yara, ana tsayar da shi bayan yaro ya yi sati 8 a hannun hukuma, kuma ku ne za ku sanar, in ba haka ba a nemi ku mayar da rarar. A wannan tsakanin kotu za ta duba ko akwai gida mai ɗaki da gado da yaro zai koma, saboda haka a lissafin wata kuɗin haya ne zai fara fita kafin komai.